Yadda za ka riƙe mai otizim a shagonka ba tare da ka durƙusar da shi ba

Duk wanda ya daɗe da shago a Damagaram ya taɓa haɗuwa da irin wannan ma'aikacin. Hannunsa ya fi na kowa kyau, ba ya latti, ba ya ɗauke-ɗauke. Amma gaisuwarsa gajeriya ce, ba ya zama a fada a sha shayi da shi, kuma in aka ce ya ajiye abin da yake yi ya kama wani, sai ransa ya ɓaci kamar an zage shi. A yi ta haƙuri da shi ana cewa miskili ka fi mahaukaci ban haushi, har ranar da zai daina zuwa. Daga nan sai zaman gida, shekara ta bi shekara, uwa na ciyar da ƙato mai sana'a a hannu.

Ba duk mai irin wannan hali ke da otizim ba, likita ne ke tantancewa. Amma wasunsu shi ne. Ni tela ne, shagona na Sabon Gari, kuma ɗan yayata da ke aiki tare da ni yana cikinsu. Sai da ya yi gemu kafin wani likita a Yamai ya gaya wa uwarsa sunan abin. Wannan rubutu na masu gida ne irina, teloli da kafintoci da dukawa da masu gyaran salula, da kuma iyayen da ke neman inda za su kai ɗansu. Abin da na gani shi ne aikin kansa ba kasafai yake kayar da su ba. Abin da ke kewaye da aikin ne ke cin su: ƙara, umarni a dunƙule, canjin ba-zata, tsokana. Kusan duka a hannun maigida suke, kuma gyaransu ba ya cin wani kuɗi.

Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ta ginu tun ƙuruciya. Ba taɓin hankali ba ne, ba aikin iska ba ne, allurar rigakafi ba ta kawo shi, kuma babu maganin da ke cire shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 na da shi, yaran nan kuwa girma suke yi. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 300,000 a Damagaram da kewayenta, sai ka yi lissafi da kanka. Ko a Ingila, inda ake da asibitoci da dokoki, alƙaluman da hukumar ƙididdigarsu ta fitar a 2021 sun nuna kashi 22 cikin 100 kaɗai na manya masu otizim ke da aikin yi, alhali kusan rabin sauran naƙasassu na aiki, marasa naƙasa kuwa sama da kashi 80. Ke nan ko cikin naƙasassu suna daga can ƙasa.

Gwaji ya fi tambaya

Kada ka zaunar da shi kana jero masa tambayoyi kana kallon idonsa. A nan ake zubar da yawancinsu tun ba su taɓa kayan aiki ba. Ka ce masa "me ka iya?" ya yi shiru, ko ya ce "ban iya surfani ba" ya tsaya nan, alhali sauran duka ya iya. Miƙa masa guntun yadi, ka nuna masa keke, ka ce ya haɗa maka aljihu, ka tashi ka ba shi wuri. In gyaran salula ne, ba shi matacciyar waya. Ku kuma iyaye, in za ku kai shi wurin wani, ku tafi da abin da ya yi da hannunsa: riga, jaka, hoton aikinsa a waya. Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Kolorado ta Amurka, wadda ita ma mai otizim ce, ta sha ba da labarin cewa haka ta riƙa samun aiki tun farko. Zanen shingayen shanu da ta yi take shimfiɗa wa masu kamfani a tebur su gani da idonsu. Manyan kamfanoni ma sun biyo wannan hanya. Thorkil Sonne ya kafa Specialisterne, kamfanin da ke sama wa masu otizim aiki, a Denmak a 2004 bayan an gano ɗansa na da otizim, kamfanin manhajar kwamfuta SAP ya buɗe nasa shirin ɗaukar masu otizim a 2013, Microsoft a 2015, kuma abin da suka fara taɓawa shi ne tsarin ɗaukar aikin, suka rage dogaro da hirar baki, suka koma ba mutum aiki a ga hannunsa.

Sai dai labarin kamfanonin nan ya sa wasu na ɗauka kowane mai otizim gwanin kwamfuta ne. Ko kusa. Akwai wanda zai gama jami'ar André Salifou da digiri, akwai wanda ko magana ba ya yi kuma zai buƙaci mai kula da shi har ƙarshen rayuwarsa, mafi yawa kuma suna tsakani. Nawa bai gama kwaleji ba, lissafin canji na ba shi wahala, amma in ya ɗinka wuyan kaftani sai ka juya shi ciki da baya kana neman inda zare ya kauce ba ka samu ba. Ka nemi abin da naka ya iya, ka ɗora shi a kai.

Inda zai zauna da yadda za ka ba shi aiki

Shiga shagonka ka tsaya shiru ka saurara. Rediyo na yi, kekuna na gudu, injin wuta na ruri a bakin ƙofa don an ɗauke wuta, ƴan kabu-kabu na ta danna oda, wani yaro na kallon bidiyo a waya ba abin kunne. Kai ƙwaƙwalwarka ta tace, abin da kake so kawai kake ji. Da yawa daga masu otizim ba su da wannan tacewar. Duka suke shigar musu kai lokaci guda, da ƙarfi ɗaya, tun safe har magariba. Haka haske, haka wari, haka taɓi.

Don haka kai kekensa kusurwa, bayansa ga bango, nesa da ƙofa da injin, inda ba a wucewa ta bayansa. Dogon ƙwan fitilar nan mai ƙyaftawa, canza shi. Bar shi ya toshe kunne, ko da auduga ce. In turaren wuta na damunsa, a daina kunnawa kusa da shi. Almakashinsa da tef ɗin awonsa nasa ne, inda ya ajiye su nan za su kwana. Nawa yana da wani guntun zare da yake murzawa tsakanin babban yatsa da manuni duk lokacin da ya tsaya, wani sa'i yana kaɗa jiki gaba da baya. Na hana kowa yi masa magana a kai, da shi yake kwantar da kansa. Kuma ka ba shi wurin fakewa. Ni ɗan ɗakin da nake ajiye yadi ne. In kansa ya cika sai ya shiga ya zauna minti goma ya fito, ba sai ya nemi izini ba. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, ajiye masa gorar ruwa a gefen keke ka riƙa tuna masa, don wasunsu ba sa jin ƙishirwa ko yunwa sai abin ya yi nisa.

Sai magana, kuma nan ne muka fi cutar da su ba da niyya ba. Mu rabin maganarmu a dunƙule take. "Anjima ka duba mini rigar nan." "Yi shi yadda ya kamata." "Ka dai gane." Wani zai cike gurbin da kansa. Shi kuwa zai tsaya: anjima yaushe, wace riga, a duba me? Ko ya zauna bai yi ba don tsoron kuskure, ka ce lalaci ne, ko ya yi abin da ka faɗa daidai da harafinsa, ka ce rainin wayo ne. Ce masa: "Farin kaftanin nan na kan ƙusa, sa masa maɓalli huɗu, ka gama kafin la'asar." Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Na kafa ƙaramin allo a bango kusa da kekensa, kowace safiya ina rubuta aikin ranar da alli daga sama zuwa ƙasa, in ya gama ɗaya ya goge da yatsa. In naka bai iya boko ba, rubuta da ajami, ko ka jera guntayen yadin da allura bisa tsarin da za a bi. Lokutan salla ma sun riga sun yanka mana yini gida-gida, ka ɗaura aikin a kansu.

Canji kuwa dole ne a sana'a. Alhaji zai shigo ya ce gobe zai yi tafiya. Kada ka fizge abin da ke hannunsa. Ce masa: "In ka gama hannun rigar nan ka ajiye, za mu kama na Alhaji, wannan kuma za ka dawo masa bayan azahar." Sannan ka gyara allon a gabansa. In ya yi kuskure ma haka, fito fili: "Ɗinkin nan ya karkace daga nan zuwa nan, warware ka sake." Habaici da gugar zana da ɗaure fuska ba sa isa gare shi, ko kuma su isa ya kwana yana neman laifin da ya yi bai samo ba.

Ka kuma shirya wa gaskiyarsa. Wata Hajiya ta zo karɓar leshinta ana gab da biki, ɗaya daga cikin yaran ya tare ta da "saura guga, Hajiya." Sai ga murya daga kusurwa, ko kai bai ɗaga ba: "Ba a yanka ba ma. Ga shi can cikin leda." Bayan ƙura ta lafa na ce masa, "Ɗana, maganar lokaci tsakanina da mai kaya ce." Ya ce, "To Kawu, amma ba a yanka ba." Muka yi ƙa'ida: duk mai kayan da ya tambaye shi, ya ce "ku tambayi Kawu." Ƙaryar teloli dai ba zan koya masa ba, kuma na lura wasu matan yanzu kusurwarsa suke fara leƙawa.

Game da sauran yaran shago, mun ci sa'a guda: a wurinmu sunkuyar da kai gaban babba ladabi ne, don haka rashin haɗa ido ba ya zame masa laifi kamar a ƙasashen Turawa. Inda ake samun matsala doguwar gaisuwa ce da zaman fada da wasan taubasai. Ka ce masa "kai bawana ne" cikin raha, shi ya ɗauke ta da gaske. Wani masani ɗan Ingila mai otizim, Damian Milton, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar nan ta ɓangare biyu ce: yadda yake kasa karanta mu, haka muke kasa karanta shi, amma shi kaɗai ake ɗora wa nauyin gyarawa. To a raba nauyin. Shi ya riƙe gajeriyar gaisuwa ɗaya ga kowa, su kuma su karɓe ta haka. Biki da suna da ta'aziyya, a zaɓar masa waɗanda ba makawa, ya je ya gaisa ya dawo. Kafin ka gaya wa kowa sunan lalurarsa, tambaye shi ko ya yarda. Sau da yawa ma ba sai an ambaci suna ba, ya isa ka ce: ƙara na damunsa, ba ya son a dafa shi ta baya, mai son abu wurinsa ya faɗa a fili. Wanda ya ɓoye masa almakashi don a yi dariya kuwa, gargaɗi ɗaya nake yi.

Kuɗi: biya shi abin da kake biyan kowa a kan irin aikin, ko da ɗanka ne. Ba ya ciniki, ba ya ƙorafi, shi ya sa cutarsa ke da sauƙi, kuma ƴan uwa ne suka fi yi. Rubuta kuɗin kowane ɗinki, jika nawa, ya gani, ka biya a ranar da ka faɗa. Ga masu takardun makaranta da ke neman aikin biro, doka na nan. Tun 1993 dokar ƙasar nan ta ce ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben aiki ga naƙasassu, kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, wadda ta tanadi a daidaita wa mutum wurin aiki gwargwadon buƙatarsa. Amma in an ce naƙasa, makaho da gurgu ake hangowa. Wanda lalurarsa ba ta ganuwa sai ya riƙe takardar likita, ya yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, kamar kowane mai neman aiki, ya kuma nemi ƙungiyar naƙasassu ta tsaya masa. Mu da ke kasuwar Dole da bakin titi kuwa, dokar shago a bakin maigida take.

Durƙushewa

Wannan ne ya fi muhimmanci, kuma ma'aikacin da ka fi yabo shi ya fi kamawa.

Kafin ɗan yayata ya zo wurina ya yi aiki a wani babban shago a bakin titi. Ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya zama kamar kowa. In an yi dariya ya yi ko bai gane ba, ya danne kaɗa jikinsa, ya haddace gaisuwa, ya kwana a shago a goman ƙarshe na azumi kamar sauran. Maigidansa har misali yake ba da shi. Bayan ƙaramar salla sai ya kwanta. Da na je dubo shi na same shi zaune a ƙasa a ɗakin uwarsa, an rufe taga, ya cusa kai tsakanin gwiwoyi. Na miƙa masa ɗan aikin hannu ko zai ja hankalinsa. Ya riƙe allura da zare ya daɗe yana kallonsu, mutumin da ke zura zare ko dubawa ba ya yi, sai ya ajiye su a tabarma. Aka buga turmi a maƙwabta, ya toshe kunnuwa da tafin hannu. Maganarsa ta koma "i" da "a'a", wanka sai an tuna masa. An gwada jini, ba masassara. Dangi suka rabu, masu cewa lalaci, masu cewa sammu.

A 2020 Dora Raymaker, wata mai bincike a Amurka wadda ita ma mai otizim ce, ita da abokan aikinta suka fitar da nazarin da ya siffanta wannan hali daga bakin masu fama da shi. Alamomi uku suka fito: gajiyar da ba ta tafiya, ɓacewar ƙwarewar da mutum ya riga ya mallaka, da kasa jure ƙara da haske fiye da da. Yakan ɗauki wata uku ko fiye. Cikin manyan dalilan da suka ambata akwai ɓoye hali don a yi kama da mutane, da buƙatun da suka fi ƙarfin mutum, da rashin mai tallafa masa ko mai yarda da shi in ya ce ya gaji. Ya bambanta da gajiyar aiki da kowa ya sani, wadda hutun ƴan kwanaki ke saukewa. Mu mutanen Damagaram mun san rijiya a rani: in aka ƙwalƙwale ta har laka, ƙara zura guga ba ya kawo ruwa, sai an bar ta ta taru.

Ka kama shi tun bai kai nan ba. Kuskure a aikin da bai taɓa kuskure ba. Shiga ɗakin fakewa ya yawaita. Magana ta ragu. Ƙaramin abu ya sa shi ihu ko kuka, ko ya daskare ya kasa amsawa. Tambayi uwarsa ko matarsa yadda yake in ya koma gida, domin da yawa suna riƙe kansu a shago ne su je gida su zube. Kada ka tambaye shi "lafiya?", amsar "lafiya lau" haddace ta ya yi. Tambaye shi abin da ake amsawa da i ko a'a: "Ƙarar injin ta dame ka yau?" Ni nakan ce ya nuna mini da yatsu ƙarfin da ya rage masa, daga biyar zuwa ɗaya. In ya nuna biyu, yana tashi da la'asar.

Lokacin salla kuma ka yi masa tsari tun watan Sha'aban. Ba ya kwanan shago, yana tashi a lokacin da ya saba. Aiki iri ɗaya nake ware masa, wuyan riga kawai, daga farkon azumi har ƙarshe. Yana da yini guda na hutu a tsakiyar mako, kuma bayan salla yana hutawa kafin ma ya nema. Sauran yaran sun yi gunaguni da farko, amma tunda kowa gwargwadon abin da ya ɗinka ake biyansa, maganar ta mutu. Ba zan ɓoye ba, wannan na rage yawan kayan da nake karɓa, ana asarar ƴan jikkuna. Na gwammace haka da in rasa hannunsa wata da watanni.

Mata kuwa nasu ya fi ɓoyuwa. Yarinya mai shiru da sunkuyar da kai, kunya ake cewa, har a yabe ta. Ta wuni a wurin ɗinki ko saƙa, ta dawo ga girki da yara da baƙi da gidan biki, ba ta da ko ɗakin yadi da za ta fake. Uwargidan da ke riƙe da irin wannan ta lissafa aikin gida cikin nauyin da ke kanta.

In kuma ya riga ya durƙushe, a sauke masa kaya. Ba nasiha, ba cika ɗaki da ƴan dubiya, ba "tashi ka zama namiji". A bar shi da duhunsa da abincin da ya saba da abin da yake so, ko da a idonka wasan yara ne. Addu'a ba ta hana komai, amma duka da hayaƙi da ɗauri a ce ana fitar da iska ƙara rusa shi suke yi. A kai shi likita, domin ciwon damuwa da fargaba da farfaɗiya sun fi yawa ga masu otizim, kuma waɗannan suna da magani. In ya ambaci mutuwa ko ya ce ya gaji da rayuwa, a ranar za a kai shi asibiti a nemi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kada a bar shi shi kaɗai. Kai kuma maigida ka je ka gaya masa a fili, sau ɗaya, cewa kekensa na nan ba a ba kowa ba, kuma ba ka sa masa rana ba.

In ya fara leƙowa, fara da rabin yini, da safe kafin gari ya yi zafi da hayaniya, a kan aikin da ya fi sauƙi a hannunsa. Kada ka ƙara sai ya yi makonni a haka ba tangarɗa. Kafin nan ka zauna da shi, ko da uwarsa in magana ta yi masa nauyi, ku gano abin da ya kayar da shi, dare ne ko ƙara ko wani yaro ne, ka gyara shi tun bai dawo cikakken yini ba. In alamun suka sake ɓullowa, ku koma matakin baya ku tsaya nan, ko da kuwa watan azumi ya kama.